Kuɗin SSNIT ba sadaka ba ne

Kwanakin baya wani matashi ya tsare ni a ƙofar masallaci bayan La'asar. Mahaifinsa ya yi shekara ashirin yana gadi a wani kamfani a nan Kumasi, yanzu shanyewar ɓarin jiki ta kwantar da shi, amma ya hana a je masa SSNIT. Wai shi bai taɓa bara ba, ba zai fara da tsufansa ba.

Wannan kamun kai abin yabo ne, sai dai Baba bai fahimci kuɗin ba. A ƙarƙashin dokar fansho ta Gana ta 2008, duk wata ana cire kashi 5.5 cikin ɗari na albashin ma'aikaci, mai aikin ya ƙara kashi 13. Daga ciki kashi 13.5 ke tafiya SSNIT, ragowar 5 a wani asusu daban. To ka ga guminsa ne aka ajiye masa. Wanda ya zuba na wata 180, wato shekara 15, yana da fansho duk wata idan ya cika shekara 60. Daga 55 ma ana iya karɓa, amma a rage.

Na naƙasa kuwa ba ya jiran shekaru. Sharaɗin shi ne mutum ya biya na wata 12 cikin wata 36 na ƙarshe, sannan kwamitin likitoci ya tabbatar ba zai ƙara iya aiki ba. A nan jinkiri ke cutarwa, domin lissafin da watanni ake yinsa. Kuma a fara neman takardar bayanin abin da aka zuba; akwai masu aiki da ke cirewa a albashi ba su kai ba, Allah Ya kyauta.

Tallafin LEAP, da ake bai wa gidaje matalauta masu tsofaffi 'yan shekara 65 zuwa sama ko masu tsananin naƙasa, shi kam ba ajiyar mutum ba ne, daga baitulmali yake fitowa. Shi ma babu abin kunya. Ya inganta cewa Annabi (SAW) ya umarci Sayyadina Umar ya karɓi abin da hukuma ta ba shi, muddin bai roƙa ba, bai kuma sa masa rai ba.

Kuskuren da ya fi damuna namu ne, mu masu fitar da zakka. Da an ce wane yana cin fansho sai mu tsallake gidansa, alhali a wasu gidajen kuɗin magani kaɗai ke cinye shi kafin tsakiyar wata. Shari'a wadatar mutum take dubawa, ba ko yana da katin SSNIT ba. Matashin nan dai na ce ya zo ranar Litinin da katin Baba da takardun asibiti, mu fara lallashin tsohon tare.