Awon Igiya: Yadda Funtua Ke Cinye Gonakinta

Duk wanda ya saba bin hanyar Zariya zuwa Funtua, ko wadda ta bi ta Bakori ta nufi Malumfashi, ya san abin da ake gani yanzu a bakin gari. Gonar da aka karya masara a cikinta bara, bana an kakkafa mata turaku, an jera bulo bibbiyu a kowace kusurwa. Kunyoyin ma ba su gama bajewa ba, amma har tifa ta juye yashi.

Girma ba baƙon abu ba ne a Funtua. Tun da layin dogo na Zariya zuwa Ƙauran Namoda ya ratsa ta a ƙarshen shekarun 1920, auduga ta yi ta jawo 'yan kasuwa da leburori, daga baya masaƙa ta zo. Ga ta kuma a mararraba, mai zuwa Gusau da Sakkwato sai ya bi ta cikinta. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum sama da 225,000. Abin da ya sauya shi ne sauri. Rashin tsaro ya koro iyalai daga ƙauyukan Faskari, Sabuwa, Ɗandume da Ƙanƙara, kuma wanda ya baro gidansa da dare ba ya jiran gwamnati ta fitar da tsari. Da aka buɗe tashar sauke kaya ta kan tudu a 2024, masu kuɗi suka ƙara kwaɗayin sayen fili su ajiye.

Yawancin wannan faɗaɗa da awon igiya ake yin ta. Mai gona ya rasu, magada sun yi yawa, gonar ba za ta rabu ta ciyar da kowa ba. Sai dillali ya zo da igiya da yaransa, a yanka ta fuloti-fuloti, ƙafa hamsin a hamsin, mai unguwa ya sa hannu. Ban ga laifin magada ba, ganin tsadar taki, ban kuma ga na mai saye ba, wanda haya ta ishe shi. Matsalar tana cikin lissafin dillali: duk taƙin da ya bari don hanya, kuɗi ne ya fita daga aljihunsa. Shi ya sa ake samun lungun da Keke Napep ke shiga da ƙyar, balle motar kashe gobara. Filin makaranta, asibiti da maƙabarta kuwa, sai unguwa ta cika ake tuna su.

Ƙasar wannan yanki tana da laka, tana riƙe ruwa. Abin da ya sa ta yi suna wajen masara da auduga ke nan, kuma shi ne ke wahalar da gidan da aka gina babu magudana. A watan Agusta za ka ga kowa ya tona 'yar kwata ya tura wa maƙwabcinsa ruwa, gindin katanga ya jiƙe ya yi baƙi, masai da rijiya suna kallon juna a tsakar gida ɗaya. Wasu ma a fadama suka yi ginin, inda ruwa ke da hanyarsa tun kaka da kakanni.

Akwai kuma asarar da ba a ji a take. Gonakin kusa da gari su ne suka fi samun taki da kulawa shekara da shekaru, kuma su ne aka fi iya nomawa da kwanciyar hankali a wannan zamani. Su ake fara zuba wa siminti, alhali na cikin daji noma su ya zama kasada.

A doka, tun 1978 ƙasar jiha amana ce a hannun gwamna. Takardar ciniki mai sa hannun mai unguwa shaida ce cewa an biya kuɗi, amma ba ita ce takardar mallaka ba, kuma ba za ta hana rusau ba idan fulotin ya faɗa kan hanya ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Sai dai rusau magani ne mai zuwa a makare. Aikin hukumar tsara birane da ƙananan hukumomi shi ne su riga dillali isa gona: su shata tituna da magudanai, su keɓe fadamu, su sauƙaƙa kuɗin takarda. Hakimai da dagatai kuma suna da ikon ƙin sa hannu a duk awon da bai bar hanya ba.

Kai kuma mai shirin saye, kada ka je ganin fuloti da rani. Je ka da damina bayan an ɗauke ruwa, ka auna faɗin hanyar da ƙafarka, ka tambayi ofishin ƙasa kafin ka biya.