Kafin ka sa wa tsohuwar jif manyan tayoyi, leƙa ƙarƙashinta tukuna

Duk mai yawan zama a TikTok ko YouTube ya san irin bidiyon nan. Wani Bature ko Balarabe zai janyo tsohuwar Land Cruiser daga cikin ciyawa, ƙura da kashin kaji sun rufe ta, ya tura ta garejin gidansa. Bayan minti goma sha biyu sai ga ta ta fito tana ƙyalli, an ɗaga ta sama, an sa mata tayoyi irin na tarakta. A wajen kwament kuma ba ka rasa ɗan Kano yana cewa akwai irinta a layinsu, shekara da shekaru tana kwance.

Kuma gaskiyarsa ne. Ka zaga Fagge da Sabon Gari a ƙafa, za ka ga irin waɗannan motoci a ƙofar gida ko a bayan garejin kanikawa: Pajero da tayoyinta suka nutse a ƙasa, Nissan Patrol da yara suka mayar wajen wasa, jefi-jefi har da Land Rover ta zamanin En'e. Wasu na gado ne, magada sun kasa daidaitawa a kansu. Wasu an sayo su ne a gwanjon gwamnati ko na ƙungiyoyin agaji, aka fara gyara, kuɗi ya ƙare.

Sha'awar tayar da su abu ne mai kyau. Sai dai minti goma sha biyun da ka gani a waya aikin watanni ne, wani sa'in shekaru, kuma ɓangaren da ya fi cin kuɗi da lokaci shi ne wanda mai bidiyon ya fi saurin wucewa, saboda ba ya kawo layik.

Me ya sa waɗannan motoci suke tashi bayan sun mutu?

Amsar tana cikin yadda aka ƙera su. Yawancin ƙananan motocin yanzu bodi da ƙashi a haɗe suke, abu guda ne. Tsohuwar jif kuwa tana da shasi, wato dogayen ƙarafa biyu da aka haɗa kamar tsani, a kansa aka ɗora inji da giyabos da bodi, aka ɗaure da noti. Kana iya sauke bodin gaba ɗaya ka ajiye gefe, ka yi aiki a kan ƙashin, ka mayar. Ga shi babu kwamfuta mai yawa a jikinta. Bakaniken da ya iya sifana da sauraron ƙarar inji zai gane ciwonta ba tare da na'ura ba.

Land Rover ta fara fitowa a Ingila a 1948, an yi Series III daga 1971 zuwa 1985, sannan aka daina ƙera tsohuwar Defender a watan Janairun 2016. Toyota ta fara amfani da sunan Land Cruiser a 1954. Samfurin 60 ya fito a 1980, samfurin 80 a 1990, shi kuwa samfurin 70 da ya fito a 1984 har yau ana ƙera shi, kuma shi ne dokin hamada daga Agadas har Chadi. Pajero ta zo a 1982, ta ci gasar Dakar sau 12, aka daina ƙera ta a 2021. Wannan tarihin yana da amfani ga aljihunka: motar da aka daɗe ana ƙerawa da yawa, kayanta ba sa wuyar samu. Shi ya sa wanda ya ɗauki Land Cruiser ko Pajero a Kano ya fi wanda ya ɗauki Land Rover kwanciyar hankali, duk da cewa Land Rover ta fi ɗaukar ido a hoto.

Garejin gida, irin namu

Mai bidiyon Amurka yana da ɗaki mai rufi da na'urar ɗaga mota da wuta ba ɗaukewa. A Fagge gidaje a cushe suke, lunguna matsattsu, garejin yawancin mutane shi ne ƙofar gida da inuwar bishiya idan an yi sa'a. Amma akwai abin da muke da shi wanda shi ba shi da shi: masu sana'a a kusa. Bakanike, mai walda, fanel bita, mai wayarin, mai fenti, mai ɗinkin kujeru, duk kana iya kai musu a adaidaita sahu cikin ɗan lokaci. Ga kanikawan Kwakwaci, ga shagunan 'yan kasuwar Ibo a layukan Sabon Gari, ga Kasuwar Ƙofar Ruwa inda ake samun sabo da kuma na hannu da ake kira Beljiyom. Abin da ya gagara a Kano, waya ɗaya ce zuwa Ladipo a Legas ko Nnewi, a sako shi a motar dare.

(Fagge dai ba baƙuwar abin hawan hamada ba ce. Tun ƙarnuka da suka wuce nan ne zangon ayarin Buzaye da fataken Sahara a wajen ganuwa. Raƙumi ne jif ɗin wancan zamani.)

Don haka gyaran gida a nan ba wai kai kaɗai da sifana ba ne. Kai ne mai kwancewa, mai wankewa, mai adana noti, mai bin diddigi. Aikin da ya fi ƙarfinka ka kai wa gwani. Ka ɗauki hoton kowane abu da wayarka kafin ka kwance shi, ka zuba notinsa a leda ka rubuta suna. Bayan wata huɗu ba za ka tuna wace waya ce ta shiga ina ba, wallahi.

Takardu kafin sifana

Kada ka sayi ko fulogi ɗaya sai ka ga takardun motar, ka kuma gwada lambar shasi da ke jikin ƙarfe da wadda ke rubuce. Idan ta gwanjo ce, ka karɓi takardar gwanjon. Idan ta gado ce, ka tabbata duk magada sun yarda, a rubuce, da shaidu. Motar da ta yi shekara goma a kwance babu mai kallonta, ranar da ta fito da sabon fenti za ka ga masu ita sun yi yawa. In ka canza inji ko launi, sai ka koma ofishin lasin an gyara takardu, in ba haka ba kai da 'yan sanda da jami'an VIO kullum a titi. Abu biyu kuma da suka shafi Land Rover musamman: akwai dokar 1977 da ta hana farar hula fentin mota da koren sojoji, kuma Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun watan Afrilun 1972, saboda haka wadda sitiyarinta ke dama matsala ce a wajen Hukumar Kiyaye Haɗurra.

Yanzu sai ƙarƙashi

A nan ne ake cin riba ko a tafka asara. Ka shimfiɗa kwali ka kwanta da tocila da ƙaramar guduma, ka bi shasin daga gaba zuwa baya kana ƙwanƙwasawa. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da ƙara mai kaifi. Wanda tsatsa ta ci daga ciki sautinsa a mace yake, wani wajen ma gudumar za ta huda shi. Ka fi mayar da hankali inda sifirin yake kama shasi, da inda akwatin sitiyari yake ɗaure, da ƙarfen baya. Mu a Kano mun yi sa'a, iskarmu busasshiya ce, ba a zuba gishiri a titi kamar yadda ake yi a Turai lokacin ƙanƙara. Amma motar da ta yi rayuwarta a Legas ko Fatakwal, ko wadda aka shigo da ita ta Kwatano, labarinta daban. Land Rover ta fi yaudara: bodinta na alminiyom ne, ba ya tsatsa, sai ka ga waje tas alhali ƙashin ƙarfen da ke ɗauke da shi ya rube. Ka kuma duba ko an taɓa yin walda a shasin. Faci mai kauri da aka shafe da baƙin fenti yakan nuna motar ta taɓa yin mummunan haɗari.

Daga shasi sai birki, kuma a nan babu ciniki. Robobin birki suna bushewa idan mota ta daɗe a ajiye, man birki yana shan danshi, bututan ƙarfe suna cin tsatsa. A canza duk robobi da tiyo da mai, a duba layinin. Sai sitiyari: tayarod, bushin, da duk wani abu da ke girgiza idan ka kama taya ka jijjiga. Motar da ta haura tan biyu, idan birkinta ya tsinke a cunkoson Kantin Kwari ko 'Yan Kura, ba kai kaɗai abin zai shafa ba.

Inji ne na uku, duk da shi kowa yake ɗokin ji. Kada ka sa batir ka murza makulli haka kawai. A zubar da tsohon mai na tanki, a canza baƙin mai da filta, a juya injin da hannu a ji ko yana motsi. In ya tashi, hayaƙi zai ba ka labari: shuɗi yana nufin yana ƙona baƙin mai, ringi ko fistin sun gaji, baƙi a injin dizal yakan zama nozul ko filtar iska, fari mai kauri da ba ya tsayawa bayan inji ya ɗumama, a duba gaskit, wataƙila ruwa ne ke shiga. A wanke lagireto sosai, don zafin watan Afrilu a Kano ba ya yafe wa kowa. Idan oganka ya ce a cire tamostat a jefar saboda wai na ƙasar sanyi ne, ka ba shi haƙuri ka sayi sabo. Injin da ba ya kai zafin da aka tsara masa ya fi shan mai, ya fi saurin lalacewa.

Maganar mai kuwa dole a yi ta tun kafin a zaɓi mota. Kafin cire tallafi a ranar 29 ga Mayun 2023, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin gwamnati. Zuwa ƙarshen 2024 ta haura naira 1,000. Land Cruiser 80 mai injin fetur lita 4.5 ba motar ɗan makaranta ba ce. Mai injin dizal 1HZ, lita 4.2, ta fi haƙuri da sauƙin sha, ko da yake ba ta da gudu, kuma tana da bel ɗin tayimin da ya kamata a canza nan take tunda ba ka san yaushe aka sa na ciki ba. Kayan gyara ma da dala ake shigo da su, kuma kowa ya san yadda dala ta yi tun da aka saki naira a 2023. Kuɗin sayen motar shi ne ƙarami a lissafin.

To, kwalliyar fa?

Sai duk wannan ya kammala ake maganar ɗagawa da manyan tayoyi, kuma ra'ayina a nan shi ne a yi kaɗan. Duk incin da ka ƙara wa mota a tsayi, ka ƙara mata saurin kifewa a kwana, ka kuma karkatar da farfela daga yadda aka tsara ta, sai girgiza da cin kuros. Babbar taya tana ƙara wa birki aiki, tana rage ƙarfin tashi, tana ƙara shan mai, sannan agogon gudu zai riƙa nuna maka ƙasa da gudun da kake yi da gaske. Ɗagawar inci biyu da sifirin da shokozoba masu kyau ta ishi duk hanyar ƙauyen da za ka bi da damina. Ɗagawar da ake yi da guntayen ƙarfe da walda a bakin titi kuwa, gara a bar motar yadda kamfani ya yi ta. In za ka sayi tayar Beljiyom, ka karanta lambobi huɗu na ƙarshe a gefenta: 2319 na nufin mako na 23 a shekarar 2019. Taya tana tsufa ko da zanenta bai goge ba.

Akwai ƙarin da suke da amfani a ƙasarmu. Bututun shaƙar iska da ake ɗagawa zuwa saman rufi yana rage ƙurar da inji ke sha da hunturu, yana kuma taimakawa in ruwa ya cika titi, abin da mazauna Sabon Gari suka sani sarai a watan Agusta. Fiyus da sababbin wayoyi sun fi fitila goma a rufi amfani, don tsohuwar waya da ɓera ya ci ita ce ke tayar da gobara. Fitilun nan masu kashe ido, da jiniya, da baƙin gilashi ba tare da izinin 'yan sanda ba, kiran KAROTA ne da sauran jami'ai da bakinka. A motocin da ake sa giyar ƙafa huɗu da hannu, irin su Series III da samfurin 70, kada a bar ta a ciki a kan kwalta. An yi ta ne don yashi da taɓo, a busasshen titi tana murɗe ƙarafan ciki.

Wajen aikin kansa, kada ka shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, kuma bulon siminti yana fashewa ba gargaɗi. A sa ƙafar ƙarfe ko katako mai kauri, a tokare tayoyi. A cire kan batir kafin walda, a nisanci tankin mai ko da babu komai a ciki, don tururin ne ke kamawa. Kada a bar inji yana aiki a rufaffen zaure: hayaƙinsa ɗaya ne da na janareta da ke kashe mutane a barci. Tsohon baƙin mai kuma a tara shi a jarka, akwai masu saye. Kada a tuttula shi a kwata ya bi ruwa zuwa Jakara.

Ranar da ta fara tafiya, ba hanyar Falgore ko tuddan yashin Tulo-Tulowa na Yusufari za ka nufa ba. Ka zaga unguwa da sassafe kafin titi ya cika, bakanikenka yana gefe, ku taka birki sau da yawa, ku dawo ku ajiye ta a kan kwali mai tsabta. Washegari ka duba kwalin: duk ɗigon da ka gani, launinsa da inda ya faɗo za su gaya maka abin da ya rage a ɗaure.