Wa ya danne totur?

Ranar 28 ga Agusta 2009, wata Lexus ta ƙwace wa direbanta kusa da San Diego a Amurka, mutum huɗu suka rasu. Direban, Mark Saylor, ɗan sandan babbar hanya ne, tuƙi aikinsa. Me ya hana shi tsayawa?

Masu bincike suka fara da birki. Suka tarar ya ƙone, wato an daɗe ana taka shi inji yana gardama. Ke nan totur yana danne. Wa ya danne shi? Da suka leƙa ƙarƙashin sitiyari sai ga kafet na roba, na wata mota daban, ya yi tsawo har ya riƙe totur a ƙasa. To don me bai kashe injin ba? Motar aro ce, kuma ba ta makulli ba ce, ta maɓalli ce. In tana gudu, taɓawa ɗaya ba ya kashe ta, sai an danne na daƙiƙa uku.

Duk da haka jama'a suka ci gaba da zargin kwamfutar motocin Toyota, kamfanin da ke ƙera Lexus, har aka gayyato injiniyoyin NASA, hukumar sararin samaniya ta Amurka. A Fabrairun 2011 suka ce ba su gano laifin lantarki ba. Abin da ya rage uku ne: kafet, totur mai maƙalewa, da direba ya taka totur yana zaton birki ne.

Wannan ya shafe mu. Prius ƙirar 2004 zuwa 2009, mai haɗa fetur da batir, tana cikin motocin da Toyota ta kira gyara saboda kafet, kuma tsofaffin motoci irinsu ne ke zuwa mana tokumbo. A nan Gwangwan kuwa, da damina ta kankama, laka kan sa a shimfiɗa kafet kan kafet. Don Allah, direbobi, ku cire na saman.

In mota ta ƙwace maka tsakanin Rogo da Karaye, taka birki iya ƙarfinka, kada ka riƙa sassautawa kana sake takawa. Tura sandar giya zuwa N ka riƙe ta, don shafa kawai ba ta sa Prius a firi. Sauka gefen hanya, sannan ka kashe. Danne maɓalli ana cikin gudu sai in duk waɗannan sun ƙi, domin sitiyari zai yi nauyi.