3.4 Rumbu da Shimfiɗar Karkara a Hoton Ƙawa

A wannan sashe za a dubi matsayin rumbu a cikin hoton ƙawa, wato hoton da ake ɗauka a wanke a kan takarda mai kauri, a sa masa gilashi don ado ko sayarwa. An taƙaita bayanin a kan Dutse, babban birnin Jihar Jigawa tun da aka ƙirƙiro ta a 1991, da ƙauyukan Kiyawa da Jahun.

Rumbu iri biyu aka fi gani a wannan yanki. Akwai na kara ko zana, akwai kuma na ƙasa wanda ake kira rufewa. Dukkansu akan ɗora su a kan duwatsu ko itace don gudun gara da danshi, sannan a kifa musu jinka. Wannan siffa ce ke jan hankalin mai ɗaukar hoto, musamman idan duwatsun Dutse da itatuwan dabino suka fito a bayan rumbun. Lokacin da ya fi dacewa shi ne kaka, da hantsi ko da la'asar, domin a sannan inuwa ke fito da zanen yaɓe da saƙar zana.

Wannan fasaha ta daɗe a ƙasashen Turawa. Alal misali, Bernd da Hilla Becher na Jamus, waɗanda suka fara aiki tare a 1959, sun ɗauki hotunan manyan ma'ajiyoyin hatsi suka jera su domin mai kallo ya kwatanta siffofinsu.

Sai dai akwai bambanci tsakanin idon mai sayen hoto da idon manomi. Mai saye kyan gini yake gani. Shi kuwa magidanci, rumbu rufin asirinsa ne, domin yawan damman gero da dawa da ke ciki shi ke nuna ko iyalinsa za su kai wata kakar. Hoto ba ya nuna cikin rumbu, don haka wanda babu ko zangarniya a cikinsa zai iya fin cikakke kyau a jikin bango. Wannan ne ya sa ya wajaba mai ɗauka ya nemi izinin maigida, ya kuma rubuta sunan gari da shekara da irin rumbun a ƙasan hoton.

Bugu da ƙari, buhu da sito mai rufin kwano suna maye gurbin rumbu, ga kuma ambaliya irin ta 2022 wadda ta rushe gine-ginen ƙasa da dama a jihar. Ke nan hoton da aka yi wa cikakken bayani zai amfani mai nazarin al'ada nan gaba. Wanda aka bari ba bayani kuwa, ado kawai zai yi.