Bincike a Intanet: Ba Duk Abin da Ya Fito a Sama Ne Gaskiya Ba

A yau ɗalibin Kwalejin Ilimi ta Gumel mai rubuta kundin kammala karatu, da manomin riɗi a Gagarawa, da dillalin dabbobi mai jiran kasuwar Alhamis ta Maigatari, duk waya suke fara ɗauka in suna neman bayani. Sai dai da yawa sukan rubuta tambaya yadda ta zo musu a baki, su latsa sakamakon farko, shi ke nan. Alhali sau da yawa na saman nan talla ne, kuɗi aka biya aka ɗora shi.

Gyara daga kalmomin da ka rubuta yake farawa. Mai neman tarihin Ɗanzomo ya gwada sunan da harafi mai lanƙwasa, ya kuma gwada da maras lanƙwasa, sannan ya haɗa da sunan ƙaramar hukumarsa, Sule Tankarkar. Gumel ma, a takardun Turawan mulkin mallaka Gummel ake rubutawa, da “m” biyu. Jigawa kuwa sai ranar 27 ga Agusta, 1991 aka cire ta daga Kano, don haka duk rahoton da ya girmi wannan rana a ƙarƙashin Jihar Kano ko Lardin Kano za ka same shi. Mai nazarin cinikin kan iyakar Maigatari ya tuna cewa takardun Nijar da Faransanci suke, kuma Zinder suke cewa, ba Damagaram ba.

Akwai ’yan dabaru masu rage wahala da ɓarnar data. Sanya jimla tsakanin alamun zance, Google zai nemo ta yadda ka rubuta ta. Ƙara site:gov.ng, ka ga shafukan gwamnati kaɗai; site:edu.ng kuma na jami’o’i da kwalejoji. Filetype:pdf na zaƙulo cikakkun rahotanni. Ɗalibi ya saba da Google Scholar, wanda aka buɗe tun 2004, da AJOL, rumbun mujallun masana na Afirka.

In ka samu bayani, yi masa tambaya uku: wa ya rubuta, yaushe, kuma daga ina ya samo? Ƙidayar jama’a ta ƙarshe a Najeriya a 2006 aka yi ta, saboda haka duk adadin mutanen Gumel na bana da ka gani ƙiyasi ne, kuma haka ya kamata ka rubuta shi. Farashin buhun zoɓo da ba kwanan wata a jikinsa ba ya da amfani. Hoton da aka turo a WhatsApp, a saka shi a Google Lens a ga ko tsoho ne aka sake masa labari.

A yi hattara da manhajojin ƙirƙirarriyar basira irin su ChatGPT. Suna taimakawa, amma sukan ƙago sunan littafi da marubucin da babu su. Kada ka kafa hujja da abin da ba ka buɗe ka karanta da idonka ba. Haka shafukan bogi na ɗaukar aiki da tallafin karatu: adireshin JAMB jamb.gov.ng ne, kuma duk shafin da ya nemi lambar sirrin katinka na banki, ɗan damfara ne.

Sannan ba komai ne ya hau intanet ba. Tarihin Lautai, wato ƙasar Gumel, da yawa yana bakin dattawa da fadar Gumel, wani kuma yana Gidan Arewa da Ma’adanar Tarihi ta Ƙasa a Kaduna. Matambayi ba ya ɓata, in dai ya san wanda zai tambaya.

Muna kira ga malaman sakandare da na kwaleji su ware darasi ko da ɗaya ne su koya wa ɗalibai waɗannan dabaru kafin su ba su aikin bincike. Kai kuma mai karatu, kafin ka kwafa ko ka tura, tantance tukuna.