Gasar Neman 'Yan Kokawa Mata A Talabijin: Wa Ke Kwashe Ribar?

Daga wakilinmu a Gombe

Duk wanda ya ratsa unguwar Kumbiya-Kumbiya cikin garin Gombe a ranar da ba a buga ƙwallon Turai, in ya leƙa gidajen kallo, da wuya ya rasa inda aka sa kokawar Turawa, watau wadda samari ke kira resilin. Dalilin ba boyayye ba ne. Mai gidan kallo ya riga ya biya kuɗin tasha na wata guda, benci kuwa ba ya kawo ko kwabo in babu mutum a kansa, saboda haka da kokawar yake toshe ranakun da ƙwallo ta bar masa. Da ya ke ana yin wasannin ne a Amurka lokacin da dare ya raba a nan, yawanci maimaici ake nunawa, sauran kuma su bi ta shagunan masu tura fina-finai a waya.

Kallon wannan kokawa daɗaɗɗen abu ne a Nijeriya, tun zamanin su Power Mike cikin shekarun 1970. Abin da ya canja shi ne yawan matan da ake gani a cikin filin, da kuma matsayin da aka ba su. Wadansu daga cikin matan nan ta hanyar gasa a talabijin suka shiga sana'ar, gasar da ake tara masu nema, ana zubar da su ɗaya bayan ɗaya a gaban 'yan kallo har a fitar da gwana. Wannan hanya tana da lissafin da ya kamata ɗan kasuwa ya duba, ko da kuwa bai taɓa sha'awar kokawa ba.

Kamfanin WWE na Amurka, wanda ya fi kowa girma a wannan harka, ya fara gwada abin cikin shekarar 2001 da wani shiri mai suna Tough Enough a tashar MTV, inda mace ɗaya, Nidia Guenard, da namiji ɗaya suka sami kwantiragi. Shekarar da ta biyo mata biyu ne suka cinye. Daga nan kamfanin ya ware wa mata tasu gasar, Diva Search, wadda aka yi daga 2003 zuwa 2007. Ta shekarar 2004 ita ce ta fi yin amo: mata wajen 7,000 suka nema, aka tace su, aka riƙa fito da waɗanda suka rage a cikin babban shirin kamfanin na ranar Litinin, 'yan kallo na jefa ƙuri'a kowane mako. Wadda ta yi nasara, Christy Hemme, ta sami kwantiragin shekara ɗaya na dala 250,000, kimanin Naira miliyan 33 ke nan a canjin wancan lokaci.

Mai jin wannan adadi zai ce kamfanin ya yi ɓarin kuɗi. Amma a duba abin da ya saya da su. Da farko ya sami makonni masu yawa na shiri a talabijin wanda 'yan takara suka cike masa ba tare da ya biya su albashin ƙwararrun 'yan wasa ba, masu talla kuwa kuɗinsu ɗaya suke biya ko wa ke kan allo. Sa'an nan ƙuri'ar da 'yan kallo ke jefawa binciken kasuwa ne da ya zo a ɓagas, domin mai saye ne da kansa yake faɗa wa mai kaya wanda zai saya kafin a ɗinka. Kafin ranar ƙarshe ta zo, sunan wadda za ta ci ya riga ya shiga gidaje, ba a kashe ko sisi wajen tallata ta ba. In aka raba kyautar bisa yawan waɗanda suka nema, kowace mace ɗaya ta tsaya wa kamfanin a kan abin da bai kai dala 36 ba. Babu wani ofishin ɗaukar ma'aikata da zai tara maka mutum 7,000 ka zaɓa a kan wannan farashi.

Kyautar kanta ma ba kyauta ba ce irin ta a miƙa maka ka tafi gida. Ladan aikin shekara guda ne, bayan shekarar kuwa zaɓi yana hannun kamfani. Christy Hemme ta ci gasar cikin watan Satumba 2004, an kai ta babban wasan shekara na WrestleMania cikin Afrilu 2005 tun ba ta ƙware ba, zuwa Disambar wannan shekara an sallame ta. Sara Lee, wadda ta ci Tough Enough na 2015 da kwantiragi mai daraja iri ɗaya, an sallame ta cikin 2016. Abin mamakin shi ne waɗanda aka kayar a gasar sukan fi daɗewa. Michelle McCool, malamar makaranta daga jihar Fulorida, ba ta kai ƙarshe ba a 2004, amma kamfanin ya ɗauke ta daga baya ba tare da wancan babban alkawari ba, ita ce kuma ta fara riƙe sabon kambin matansa cikin 2008. Haka Mandy Rose da Sonya Deville suka faɗi a 2015, suka shafe shekaru suna wasa bayan an manta da wadda ta ci. Gaskiya ne akwai waɗanda suka ci gasar suka kuma ci moriyarta, kamar Layla El 'yar Ingila a 2006 da Eve Torres a 2007. Duk da haka lissafin bai canja ba: kamfani ya biya mutum ɗaya da tsada a idon jama'a, ya kwashi sauran da araha a bayan fage.

Akwai kuma abin da ba a nunawa a allo. WWE ba ya ɗaukar 'yan wasansa a matsayin ma'aikata, 'yan kwangila ne, watau babu fansho, inshorar lafiya ta yau da kullum kuma tana wuyan ɗan wasa. Ko da ya ke an tsara wanda zai ci tun kafin a shiga fili, faɗuwar da ake yi ta gaske ce, ƙashi kuma ba ya sanin wasa ake yi. Ashley Massaro, wadda ta ci gasar 2005, tana cikin tsofaffin 'yan wasan da suka kai kamfanin ƙara cikin 2016 a kan raunin ƙwaƙwalwa. Kotu ta kori ƙarar cikin 2018. Bugu da ƙari, sunan da 'yar wasa ta yi suna da shi sau da yawa kamfani ne ke yi masa rajista, hotunan wasanninta kuwa duk mallakarsa ne. Tana iya barin aiki, amma kaset ɗinta yana nan yana haihuwa.

A nan ne dukiyar take. Lokacin da aka haɗe WWE da kamfanin UFC cikin 2023 an yi masa ƙima ta dala biliyan 9.3. Cinikin da ya ƙulla da Netflix, wanda ya fara aiki cikin Janairu 2025, an ba da rahoton dala biliyan 5 ne cikin shekara 10, kusan dala miliyan 9.6 ke nan kowane mako. Ko da zamanin ba ɗaya ba ne, kwatancin yana da amfani: kyautar nan ta dala 250,000 ba ta kai kashi 3 cikin 100 na kuɗin mako guda ba.

Wajibi ne a faɗi cewa Diva Search ba ƙarfi ko iya kokawa ta fi nema ba. Kyan fuska da nuna jiki ta sa a gaba, wadansu gwaje-gwajenta ma ba su dace a bayyana su a wannan shafi ba. Ba wa'azi ne ya sa kamfanin ya bar wannan hanya ba, kasuwa ce ta juya. 'Yan kallo sun gaji da ganin mata ana ba su minti biyu ko uku a fili. Cikin 2013 kamfanin ya buɗe makarantar horaswa a Orlando, ya koma neman 'yan wasan motsa jiki na gaske, cikin 2016 ya jefar da sunan Diva, cikin 2017 ya shirya gasar Mae Young Classic ta ƙwararrun mata 32 daga ƙasashe daban-daban, sa'an nan cikin 2019 mata uku suka rufe WrestleMania a karon farko. Cikin Oktoban wannan shekara aka yi wasan mata na farko a Riyad ta ƙasar Saudiyya, 'yan wasan biyu sanye da tufafin da suka rufe jikinsu. Mai kuɗi ya faɗi sharaɗinsa, kamfani ya bi.

To, ina Gombe a cikin wannan ciniki? A ƙarshen igiyar take, wajen da ake biya. Matashin Kumbiya-Kumbiya ya ba mai gidan kallo, mai gidan kallo ya ba kamfanin tauraron ɗan Adam, shi kuma ya biya Amurka da dala. Tashar SuperSport ta ɗauki nuna wasannin WWE a wannan yanki na Afirka cikin 2017. Tun da aka janye tallafin man fetur cikin Mayu 2023, aka kuma saki Naira cikin Yuni, mai gidan kallo ya shiga tsaka mai wuya: man janareta ya tashi, kuɗin tasha ya tashi, aljihun mai kallo kuwa bai tashi ba. Kamfanin ya lura da girman kasuwar, domin cikin Nuwamba 2022 ya sanar a Legas cewa zai nemi sabon tauraro daga Afirka, mace ko namiji, tare da SuperSport, aka ce masu sha'awa su aika da bidiyonsu. Tsarin dai shi ne wanda aka bayyana a sama, wurin ne kawai ya canja.

Abin da ya fi ba wannan marubuci mamaki shi ne, Nijeriya tana da matan da suka iya kokawa ta gaske, wadda ba a tsara wanda zai ci, kuma babu wata gasar talabijin da ta tono su. Blessing Oborududu ta ɗauko lambar azurfa a wasannin Olamfik na Tokyo da aka yi cikin 2021, lambar kokawa ta farko da ƙasar nan ta taɓa samu a can. Odunayo Adekuoroye ta ci zinariya a wasannin ƙasashe renon Ingila sau uku, 2014 da 2018 da 2022. Shekaru na horo ne suka fitar da su, a Yenagowa da Akure, da jajircewar mutane irin su Daniel Igali wanda ya ja ragamar hukumar kokawa ta ƙasa. Cikin Maris 2025, da aka yi gasar kokawar gargajiya ta ƙungiyar ECOWAS a Abuja, an shigar da mata a karon farko. Kayan suna nan, an sarrafa su da kuɗin gwamnati, babu ɗan kasuwar da ya tsaya ya mai da su shiri mai kawo talla kowane mako.

A gaskiya babu mai hankalin da zai shawarci attajirin Gombe ya kafa irin Diva Search a filin wasa na Pantami. Iyaye ba za su ba da 'ya'yansu ba, malamai ba za su yi shiru ba, kamfanin da ya sa sunansa a jiki kuwa zai yi asarar masu saye fiye da waɗanda zai samu. Kokawa a ƙasar Hausa wasan maza ne na bayan kaka, rabon mata a wurin kallo ne da sayar da abinci a bakin fili. Amma tsarin gasar, watau a buɗe ƙofa ga mata masu yawa, a tace su a bainar jama'a, a fitar da gwana, wannan ya riga ya nuna yana karɓuwa a Arewa in aka zaɓi fannin da ya dace. Gasar Hikayata ta rubutun gajerun labarai, wadda Sashen Hausa na BBC ya fara cikin 2016 domin mata zalla, ta isa misali.

Ga mai son kokawar kanta kuwa, darasin yana ƙetaren iyaka. Jamhuriyar Nijar ta fara gasar takobi a Tawa cikin 1975, inda Yakuba Kantu na Maradi ya ɗauka. Gasar tana zagaya jihohin ƙasar 8, kowace ta kawo 'yan kokawa 10, gidan talabijin na ƙasa yana nunawa kai tsaye, kamfanoni suna rububin manna sunayensu, garin da ya karɓi baƙuncin kuma masu masauki da mahauta da 'yan kabu-kabu duk su shaida. Sunaye irin su Issaka Issaka na Doso sun shiga gidaje har a nan Nijeriya. Nijar ba ta ƙirƙiri 'yan kallo ba, waɗanda take da su ta tsara wa lokaci da fili da kyamara. A gefenmu kuwa, dambe ya sami miliyoyin masu kallo a YouTube, amma manyan kamfanonin da suka fara ɗaukarsa suna sayarwa, irin su Dambe Warriors da African Warriors, daga Legas suka taso. Ɗan damben ya karɓi ladansa na ranar, mai gidan dambe ya karɓi kuɗin ƙofa, hoton ya tafi.

Saboda haka mai shirin zuba jari a wannan fanni, ko a kokawar maza ta gargajiya ko a wani shiri na 'yan wasa mata da za a ɗauka a Abuja ko Yenagowa, kuɗin kyauta shi ne ƙaramin abin da zai tattauna da lauyansa. Ya fara tantance wa ya mallaki hoton, na shekara nawa, kuma a waɗanne ƙasashe, domin gidan talabijin na jiha da zai nuna masa shirin kyauta yau yana iya riƙe kaset ɗin gobe. Uban da aka kawo wa takardar shiga gasa domin 'yarsa shi ma sai ya nemi a nuna masa sakin layin da ya faɗi wanda zai biya asibiti in ta karye, da kuma abin da zai zama nata daga ranar da shekarar kwantiragin ta cika.