Sabuwar Ƙota ga Tsohuwar Bindiga

A gidan maharba ba a yar da bindigar gado. Ƙarfenta kan ga kaka, ya ga uba, ya ga jika, amma icen da aka ɗora shi a kai ba ya kaiwa haka. Gara ta ci, hunturu ya tsaga, ko kuwa wata rana mai ita ya yi tuntuɓe a bayan zomo, ƙotar ta karye a wuya, daidai inda hannu ke kamawa. To a nan ake neman wanda ya san ice.

Aikin na mutum biyu ne tun asali. Maƙeri ke da ƙarfe da kunama, masassaƙi ke da ƙota, ko da yake a ƙauyuka da dama mutum ɗaya ya haɗa duka. Akan kai gyara da kaka, domin bindiga ta dawo kafin farautar rani.

Mai gyara kan fara da tsohuwar ƙotar. Ya kankare gefe da wuƙa, ya shafa yawu, launi ya fito. Bindigogin harsashi da suka zo daga Ingila da Beljiyam yawancinsu icen walnat ne, wanda ba ya fitowa a dajinmu, ga sauƙi ga ƙarfi. Saboda haka ba irinsa ake nema ba, sai wanda zai iya tsayawa a madadinsa.

Nan ne zancen ke da daɗi, don kowane ice da halinsa. Ƙirya ta fi kowa taurin kai. Ita ce ta turmi da taɓarya da gawayin maƙera, amma nauyinta kan gajiyar da kafaɗa, ga cinye kaifin gizago. Kanya an daɗe ana ƙotar bindiga da ita, gara ba ta cika damunta ba, kuma tana yin santsi. Maɗaci ja ne, yana karɓar sassaƙa, kuma ko yaro ya ɗanɗana ɓawonsa ya gane shi. Maɗobiya kuwa, a ganina, ita ce sarauniyarsu, saboda zanen da ke jikinta. Sai dai an yi mata kisan gilla ana lodinta zuwa Sin, har daga 2017 aka sa cinikinta tsakanin ƙasashe ƙarƙashin sa ido. Yau mai gyara kan sha yawo kafin ya sami guntu mai kauri.

Ba a taɓa ɗanyen ice. Sai wanda ya shekara a inuwa, in an ƙwanƙwasa ya amsa da ƙara. Kuma gwani yakan nemi reshe mai lanƙwasa tun daga Allah, yadda ake zaɓar ƙotar fartanya, domin jijiyar icen ta bi wuyan bindiga. In ta gitta, harbi kaɗan za a yi ya sake karyewa.

Gizago ke fitar da siffa, daga nan sai magagari. Mai manyan haƙora yana cin ice da sauri, amma yana barin kurji, kuma a kan maɗaci yakan tsinke jijiya in aka matsa masa. Shi ya sa ake ajiye shi da wuri a ɗauki mai ƙananan haƙora. Mai doro ɗaya shi ke shiga lanƙwasar wuya, siririn nan mai kama da wutsiyar ɓera kuma na lungu ne. Magagarin da ya ci ƙarfe ba a sa shi a ice, ya riga ya dakushe.

Wurin da ake gane gwani shi ne zaunar da ƙarfe. Yakan turara shi da hayaƙin fitila har ya yi baƙi, ya danna cikin icen, ya zare. Duk inda baƙi ya taɓa, nan ya yi tudu, sai a ɗan kankare. Haka zai yi ta yi har yini ya ƙare, domin in aka bar rata, bugun bindiga zai tsaga icen.

A ƙarshe a goge da fasasshiyar kwalba, a bi da samfefa, a shafa man kaɗanya a ajiye a inuwa ya sha. Mai bindiga ya zo ya ɗora a kafaɗa, ya kwantar da kumatu, in ta yi masa tsawo a rage. Sannan ya kwance layun da ke jikin tsohuwar ƙotar, waɗanda ubansa ya ɗaura, ya kai wa baduku ya ɗinke su da jar fata a jikin sabuwar.